Jirgin da Ya Yi Wata Biyu a Tudu

A gidanmu na Zango ba a tsoron ɓarawo kamar yadda ake tsoron danshi. Gidan 'yan yadi ne. Tun ina ƙarama na san cewa idan hadari ya haɗo, kafin a kwashe yara kaya ake kwashewa. Bandir ba ya taɓa ƙasa sai a kan katako, shadda ba ta kwana kusa da randa, atamfa kuwa ko gumin hannu ba a so ya taɓa ta. Yayana, wanda ya gaji rumfar Baba a babbar kasuwar Rood Woko, har gobe idan zai shiga ɗaki hancinsa yake fara aikawa. Na faɗi wannan ne don kada a ɗauke mu sakarkaru idan an ji abin da muka yi wa jirginmu. Ko da yake in za a bi gaskiya, sakarcin ne.

Baba shi ba ɗan yadi ba ne tun asali. A bakin Kwara aka haife shi, cikin masunta, wani kawunsa mai fataucin goro ya ɗauko shi yana yaro ya kawo shi Wagadugu, bai sake komawa ba. Ya yi rayuwarsa duka a garin da ba kogi, amma bakinsa bai taɓa barin ruwa ba. A shekarar da nake ba da labari idonsa ya yi yana, ba ya ganin komai sai haske da inuwa, kuma ƙafarsa ta hagu jan ta yake yi tun wani ciwo da ya kwantar da shi. Likita ya ce a kula da shi, ni kuwa na ɗauki maganar fiye da yadda aka faɗe ta. Na hana shi zuwa kasuwa, na hana shi hawa bayan moto, wato babur, har masallacin Juma'a sai da na yi ta ƙorafi ya koma na bakin layi. Shekara uku duniyarsa ba ta wuce tabarmar ƙofar gida ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka Uwata yake kirana, kuma ya kan ce ta farkon ma ba ta tsare shi haka ba.

Yaya ne ya zo da zancen jirgi. Wani tsohon masunci a baraji, madatsar ruwan da ke wajen Tanghin, zai sayar da kwalekwalensa na katako ya koma ƙauye. Yaya ya ga sana'a a ciki: a ba masunta su yi aiki a riƙa raba kifi. Ni kuwa Baba na gani. Na ce a raina, tunda na hana shi komai, bari in ba shi abu guda da zai tuna. Muka haɗa hannu muka saya, muka yi alkawari ba za mu gaya masa ba sai ranar da za mu sa shi ciki.

Lokacin bazara ne, ruwan baraji ya ja baya, bakinsa duk taɓo. Da aka gama ciniki tsohon ya nuna wani turke a cikin ruwa, ya ce da mu da Mosanci mu bar jirgin a nan a ɗaure, ba ya son tudu. Sau biyu ya faɗa. Yaya ya yi murmushi ya yi masa godiya, sannan ya matso kusa da kunnena.

“Kin ji wayon tsoho? Ya sayar, ya karɓa, kuma yana so ya ci gaba da kamun kifi da shi a bayan idonmu. Ni za a yi wa wannan? Abin da ka saya, ɗauke shi daga gaban mai shi.”

Na yarda da shi, domin kuwa haka muka taso muka ga ana yi a kasuwa. Aka nemo amalanken jaki da ƙarti huɗu, aka kinkimi jirgin yana ɗigar ruwa har sito na Yaya a unguwar Wemtenga. Da muka ga yadda cikinsa yake, baƙi ƙirin, ga gansakuka, ga ƙarni, Yaya ya kama kai. Ya ce dubi yadda aka wulaƙanta dukiya, an bar katako cikin ruwa shekara da shekaru. Muka ɗora shi kan bulo kamar bandir, ƙarƙashin rufin kwano, cikin zafin da ke sa kwalta narkewa. Muka kankare shi tas. Muka jira ya bushe sarai, don kowa ya san fenti ba ya kama jiƙaƙƙen abu. Akwai wani rabin jarka da aka yanke aka ɗaure da igiya a cikinsa, Yaya ya tsinke shi ya jefa a shara. Wata biyu jirgin ya yi a wurin, muna jiran damina ta cika baraji, muna alfahari da cewa ko ɗigon ruwan sama bai taɓa shi ba.

Ranar Asabar, jajibirin fita, na je ƙarasa fentin ciki. Kore muka yi masa da farin baki, bayan mun yi sati muna rigima a kan launi. Na durƙusa a ciki da buroshi, rana ta shigo ta ƙofar sito, sai na ga haske tsakanin katako biyu na ƙasa. Siriri ne kamar zare, tsawonsa ya kai kamu ɗaya. Na matsa gaba na ga wani. Amma na riga na gaya wa Baba gobe za mu kai shi unguwa, har ya sa an wanke masa farar rigarsa, yana ta tambayar ina ne kamar yaro a jajibirin salla. Kuma na san in na yi magana Yaya zai ce na fara tsoron nan nawa. Sai na cika buroshi da fenti na shafe hasken, na ƙara shafewa, har ya ɓace. Ban gaya wa kowa ba.

Da hantsin Lahadi muka isa. Baraji ya cika har ya taɓa lambunan gefe, mata na wanke karas da salak a bakin ruwa, motoci da moto na wucewa a kan gadar can nesa. Tun kafin in buɗe masa ƙofar tasi Baba ya ɗaga kai ya ja numfashi.

“Ruwa,” ya ce. “Uwata, ruwa kuka kawo ni?”

Muka riƙe shi har bakin jirgin, wanda ƙarti suka riga suka sauke, hancinsa a ruwa, gindinsa a tudu. Yaya ya kama hannunsa ya ɗora a kai ya ce, “Baba, naka ne.” Baba ya shafa gefen tun daga wannan kai har wancan. Ya sunkuya ya shinshina. Ya ƙwanƙwasa katakon da bayan yatsa, ya saurara, ya sake ƙwanƙwasawa. Na dubi fuskarsa, har na ɗauka kuka zai yi.

“Allah ya yi muku albarka,” ya ce a ƙarshe. “Me kuka zo da shi na ci?”

Na ce da shi masa ce a cikin kwanon silba. Ya ce a shigo da kwanon. Na yi dariya na ce Baba ko zama ba mu yi ba, ya ce a dai shigo da shi. Sannan ya juya wajen muryar Yaya.

“Kai, ka ji ni da kyau. Gefe za ku bi. Kada ku wuce inda gora ke taɓa ƙasa.”

“An gama, Baba. Ba matsala.”

Yaya ya shimfiɗa sabuwar darduma mai kauri a ƙasan jirgin saboda ƙafar Baba, ya zaunar da shi a tsakiya. Shi ya tsaya a baya da gora, cikin shaddarsa ruwan toka mai aiki har ciki, don ya ce ranar buɗe abu ba a zuwa da tsumma. Ni na zauna a gaba da filafili, abin tuƙin da ban taɓa riƙewa ba sai ranar. Duk cikinmu ukun ba wanda zai iya fidda kansa a ruwa. Ni da Yaya ba mu taɓa shiga abin da ya wuce baho ba, Baba kuwa iyawar na nan a kansa amma jikin ya tafi.

Da farko abin dariya ne. Yaya ya tura gora, jirgi ya juya. Na sa filafili in gyara, ya ƙara juyawa. Sau uku muna kallon matan nan masu wanke karas, su ma suna kallonmu suna riƙe ciki. Ina ce masa dama, yana ce mini ai damar yake yi, Baba na tsakiya yana murmushi, ya saki hannu ɗaya cikin ruwa. Rabona da ganin fuskarsa haka har na manta. Na ce a raina hasken jiya ba komai ba ne, fenti ya toshe shi.

Kunya ce ta fitar da mu daga gefe. Yaya ya gaji da dariyar matan, ya ce bari mu ɗan matsa inda ba idon mutane. Ya tokara da ƙarfi sau biyu, jirgin ya miƙe a karon farko, daɗi ya kama shi ya ƙara. A daidai nan iska ta taso daga gabas, irin wadda ke zuwa gaban hadari, ta kama gefen jirgin ta fara tura mu. Yaya ya zura gora don ya tsayar da mu. Na ga gorar ta shige har hannunsa ya taɓa ruwa, ya kusa binta. Da ya ɗago na ga fuskarsa ta canza.

Ni kuwa sanyi na ji a tafin ƙafata. Na duba ƙasa. Dardumar da ke ja ta koma kalar hanta, da na taka sai ruwa ya ɓulɓulo tsakanin yatsuna. Ashe tun da muka shiga take sha, tana ɓoye mana.

“Yaya,” na ce. “Yaya, ruwa na shiga.”

“Fantsama ce. Tuƙa ki daina surutu.”

“Ba fantsama ba ce,” in ji Baba. Ya riga ya cire takalmansa, ƙafarsa mai lafiya na kan dardumar. “Gora na taɓa ƙasa?”

Yaya ya sake zura gorar.

“Na ce tana taɓawa?”

“Ba ta taɓawa, Baba.”

“Kwana nawa jirgin nan ya yi a tudu?”

“Wata biyu. Mun adana shi sosai, wallahi, ko yayyafi…”

“Naɗe dardumar nan ka jefar.”

Yaya ya buɗe baki, Baba ya daka masa tsawar da rabon da mu ji irinta tun muna yara. Dardumar ta yi nauyin mutum, da ƙyar muka tura ta waje, jirgin ya karkata har ruwa ya leƙo ta gefe, na yi salati da ƙarfi. Da ƙasan ya bayyana sai na ga abin da na shafe. Fentin ya tsage, ruwa na tsartuwa ta wuri huɗu ko biyar, a hankali, ba hayaniya. Ya riga ya rufe idon sawuna. Na duba baya, matan sun zama ƙanana, kuma iska na ɗauke muryar duk wanda ya yi ihu. Masunta sun tashi tun da safe, ba ko jirgi ɗaya a kan ruwan. Abin da kawai ke cikin kaina shi ne, idan jirgin nan ya cika, Baba zai fara tafiya, kuma ni na kawo shi.

“Uwata, zubar da masar. Kwarfe.”

Na kife kwanon a ruwa, masa ta watse tana yawo. Na fara kwarfa. Ina zubarwa yana dawowa. Rabin abin da na ɗebo a cinyata yake ƙarewa.

“Kada ki miƙe. Durƙusa a tsakiya. Ba da sauri ba, da yawa. Cika kwanon.” Ya juya baya. “Kai kuma ajiye gora ka zauna. Me ke jikinka?”

“Shadda, Baba.”

“Yaga.”

Ko a wannan halin sai da Yaya ya yi jim. Mutumin da ke korar mai saye in ya taɓa yadi da hannu mai maiƙo. Sannan ya tuɓe rigar, ya sa haƙori a bakin ɗinki, na ji ƙarar yagewarta a bayana. Baba ya zame daga mazauninsa ya zauna dirshan cikin ruwan, farar rigarsa ta jiƙe har ƙugu. Ya ce a ba shi makullin moton Yaya. Da yatsunsa yake bin katakon, ya tsaya inda ya ji ruwa na tura shi, ya karɓi tsumma ya murɗa, ya cusa da bakin makulli, ya matsa gaba. Idonsa a rufe yake ma. Bai yi kuskuren wuri ko sau ɗaya ba.

Yaya ya ɗauki filafili ya fara ƙoƙarin juya mu zuwa inda muka fito. Jirgin ya ba iska gefe, igiyar ruwa ta mari katako ta zubo mana ciki, abin da na kwarfe na minti biyar ya dawo a lokaci guda. Nan na fashe da kuka, ina kwarfa ina kuka.

“Ina kake kai mu?” in ji Baba.

“Baya, Baba, inda tasi…”

“Da iska za ka yi kokawa, da jirgi cike da ruwa? Ina jin ta a ƙeyata. Bar ta a ƙeyarka kai ma. Inda za ta, can za mu. Me ke gabanmu?”

Na ɗaga kai na ce akwai ciyawa da itatuwan mangwaro, amma da nisa.

“To can ne gida. Tuƙa biyu dama, biyu hagu. Uwata, ban ce ki tsaya ba.”

Ban san tsawon lokacin da muka ɗauka ba. Na san dai ruwan ya kai ƙwaurina, ya tsaya a nan kamar yana shawara, sannan ya ci gaba da hawa a hankali duk da tsumman. Kafaɗuna suka mutu. Sama ta yi baƙi, aka fara yayyafi. Wani abu ya motsa cikin kainuwa a gefenmu, na tuna ana cewa akwai kada a barajin nan, na kawar da kai ban sake dubawa ba. Baba na ƙirga wa Yaya tuƙi da murya ɗaya, biyu, juya, ɗaya, biyu, juya, tsakani kuma ya ce a gwada gora. Aka gwada sau uku ba komai. A na huɗu Yaya ya yi wata ƙara da ban taɓa jin ta daga bakin babban mutum ba.

“Ta taɓa! Baba, ta taɓa!”

“To tokara, kada ka yi mini ihu a ka.”

Ba mu kai gaɓa da jirgin ba. Saura kamar taku ashirin ruwa ya haye gefensa, ya zauna a hankali cikin ciyawa da mu a ciki. Yaya ya dira, ruwan ya kai masa ƙirji. Ya juya baya, na ɗora masa Baba, ya goya shi kamar jariri, ni ina biye ina riƙe da ƙafarsa mai ciwo don kada ta ja. Taɓo ya cinye takalmina ɗaya. Har yanzu kwanon na hannuna, ban san ban sake shi ba.

Muka zauna ƙarƙashin mangwaro, ruwan sama na sauka. Yaya daga shi sai singileti, ya tafi neman wanda zai ara masa waya, don tasa ta sha ruwa. Na cire mayafina na matse na lulluɓa wa Baba. Jikinsa na karkarwa, yatsunsa duk sun yanke da bakin makulli. Na durƙusa a gabansa na ce, “Baba, ka yafe mini. Jiya na ga haske tsakanin katakon. Na shafe da fenti, ban faɗa ba.”



“Ni ma na sani,” ya ce. “Tun da na ƙwanƙwasa. Jirgi mai lafiya ba ya amsawa kamar ganga. Katako in ya bushe tsukewa yake, sai ya sha ruwa yake kumbura ya rufe bakinsa. Yaron goye ya san wannan a garinmu.”

Raina ya ɓaci nan take, har na manta ni ce mai neman gafara. Na ce, “Ka sani, Baba? Ka sani ka bari muka shiga? Me ya hana ka faɗa?”

“Da na faɗa, me za ki yi, Uwata?”

Na san amsar. Da na mayar da shi cikin tasi, na kai shi tabarmarsa, kuma da ba a sake zancen ruwa a gidanmu ba.

“Na ce a raina, a gefe ne, in ya cika mu taka mu fito. Ko minti goma in samu. Son kai na yi. Na sa 'ya'yana biyu a ruwa saboda kwaɗayin tsoho. Wannan ni zan nemi gafararsa, ba ke ba.”

Na kama hannunsa ina goge jinin da bakin mayafi, muna kuka mu biyu, shi ba sauti.

Da Yaya ya dawo ya fara zancen neman ƙarti a fito da jirgin a mayar sito kafin ya lalace. Baba ya ce kul. Ya ce a samo manyan duwatsu a ɗora a ciki ya nutse sosai, a bar shi kwana bakwai. Yaya ya dubi koren fentinsa da ke leƙowa daga ƙarƙashin ruwa. Da hannunsa ya ɗauko dutsen farko.

Baba ya yi mura ta kwana uku, na yi ta zirga-zirga da ruwan zafi da citta, ban ce masa ai ga irinta nan ba, ko da yake maganar ta zo bakina ya fi sau goma. Ranar Lahadi da hantsi na same shi zaune a ƙofar gida, ya sa tsohon wando, ya naɗe ƙafafunsa har gwiwa. Bai roƙe ni ba, bai ma juyo ba. Na koma ciki na turo motona, na tsaya a gabansa na ce ya riƙe ni da kyau.

A bakin baraji ya ce in nuna masa saitin jirgin. Na kama kafaɗarsa na juya shi saitin wurin. Ya dogara sandarsa ya shiga ruwan, yana jan ƙafar hagu, taku ɗaya, taku biyu, har ya kai masa gwiwa. Hannuna ya miƙa da kansa zai kamo rigarsa. Na mayar da shi, na cire takalmana, na bi shi a baya.